BABI NA UKU: TARIHIN SAYEN KAYA TA HANYAR HAƊAKA A KANO, DAGA AYARIN GWANJA ZUWA KASUWAR ƘOFAR WAMBAI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin kasuwannin birnin Kano da irin hajar da kowace kasuwa ta yi fice a kai. A wannan babi kuwa za a duba wata tsohuwar dabara da 'yan kasuwar Kano suka daɗe suna amfani da ita domin rage tsadar kayan da suke sarowa, wato haɗa kai wajen saye. Za a bi sawun wannan dabara tun daga zamanin ayarin goro, a ratsa ta zamanin kamfanonin Turawa da na ƙungiyoyin gama kai, sannan a dire a Kasuwar Ƙofar Wambai. Abin da babin yake son ya tabbatar shi ne, mafi yawan sauƙin da haɗaka take samar wa ƙaramin ɗan kasuwa yana fitowa ne daga raba kuɗin hanya da rage yawan hannuwan da kaya suke bi kafin su iso rumfarsa, kuma duk tsarin ya dogara ne a kan amanar mutumin da aka wakilta.

3.1 Ma'anar Haɗaka a Wajen Saye

Abin da ake nufi da haɗaka a wannan bincike shi ne 'yan kasuwa biyu ko fiye, kowa da jarinsa da rumfarsa, su haɗa kuɗi ko su haɗa buƙata, su sayi kaya a dunƙule, sannan su raba gwargwadon abin da kowa ya zuba. Ta bambanta da adashi, domin a adashi kuɗi ake tarawa a ba mutum ɗaya ya yi abin da ya ga dama da su. Ta kuma bambanta da tarayya a kan jari, domin da zarar an raba kaya kowa ribarsa tasa ce, faɗuwarsa ma tasa ce.

Tushen haɗaka a al'adar Bahaushe shi ne sautu. Idan mutum zai je wata kasuwa mai nisa, maƙwabta da abokan sana'a sukan ba shi kuɗi ya sayo musu abin da suke bukata. Malaman fiƙihu sun yi bayanin hukuncin irin wannan mu'amala a babin wakilci da na tarayya, kamar yadda yake a littafin Muhtasar na Shehu Halilu wanda ake karantawa a zaurukan Kano. Saboda haka ɗan kasuwar Kano bai ɗauki haɗaka baƙon abu ba.

A ƙasashen Turai da Amurka an mayar da wannan dabara ƙungiya mai rajista. A shekarar 1844 wasu mutum 28 a garin Rochdale na Ingila suka haɗa kuɗi suka buɗe kanti na kansu, a 1863 kuma kantunan irin wannan suka kafa babbar ƙungiyar da take saro musu kaya gaba ɗaya. A Amurka asibitocin birnin New York sun kafa ofishin saye na haɗin gwiwa a 1910. A Kano kuwa, kamar yadda za a gani, haɗaka ta fi rayuwa a bisa sanayya da magana ta fatar baki.

3.2 Haɗaka a Zamanin Ayari

Kafin zuwan Turawa, fataucin goro zuwa Gwanja yana cikin manyan hanyoyin arzikin Kano. Lovejoy (1980) ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi riƙe wannan fatauci a ƙarni na 19. Fatake sukan ɗauki kanwa da baƙin yadi da kayan fata da dabbobi, su bi ta Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu, su isa Salaga a arewacin ƙasar Gana ta yau, inda ake kawo goron Asante. Tafiyar takan ci watanni da yawa, zuwa da dawowa. Bature Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa goron da yake shigowa birnin a shekara ya haura kayan jaki 500. Kafin shi, a 1826, Clapperton ya gamu da wani ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, wanda ya ce mutanensa sun haura 1,000, dabbobin dakonsa ma kamar haka.

Ya kamata a lura cewa a cikin ayari ba a zuba jari a tukunya ɗaya. Kowane falke da hajarsa da jakunansa da yaransa, kuma shi yake cinikin goronsa. Abin da ake haɗawa shi ne ɗawainiyar hanya. Madugu shi ne shugaban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya da zango, ga kuma malamin ayari mai addu'a da rubutu. A duk ƙasar da aka shiga, madugu ne yake zuwa gaban sarki ya daidaita kuɗin hanya da gaisuwa a madadin kowa, haka kuma shi yake ciniki da masu fito a bakin kogin Kwara. Daga baya sai a raba abin da aka kashe gwargwadon yawan kayan kowane falke. Mutum ɗaya da jakuna biyar ba shi da bakin da zai yi jayayya da sarkin gari, ba shi kuma da ƙarfin da zai tsare kansa daga 'yan fashi. Amma ayari mai mutum dubu, idan aka tsananta masa, yana iya sauya hanya a baɗi, garin ya yi asarar kuɗin shiga da cinikin abinci. Wannan ne ya sa sarakunan hanya suke sassautawa. Hausawa dai sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Haka kuma a can Salaga fatake sukan sauka a gidan fatoma, wanda yake ba su masauki, ya adana kayansu, ya haɗa su da dillalai, ya kuma tsaya musu a wajen bashi. Waɗanda ba su da halin tafiya kuwa, ciki har da matan aure da ke cikin kulle, sukan bayar da sautu. Ta haka kuɗin mutane da yawa yake tafiya a hannun mutum ɗaya. Babban jarin madugu shi ne sunansa, domin idan aka taɓa kama shi da ha'inci a rabon kuɗin hanya, to da wuya ya sake samun masu binsa.

Wannan tsari ya fara rauni bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar. Daga baya goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas. Alhassan Ɗantata (1877-1955), wanda ya fito daga zuriyar Agalawa, yana cikin waɗanda suka fara amfani da wannan sabuwar hanya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai ayarin ƙasa ya zama tarihi. Sai dai tsarin fatoma bai mutu ba, domin Cohen (1969) ya same shi da ransa a unguwar Sabo ta Ibadan, inda masu gida Hausawa suke sayen goro su aiko Arewa a madadin abokan cinikinsu.

3.3 Zamanin Kamfanonin Turawa

Zuwan jirgin ƙasa ya juya fuskar kasuwancin Kano daga Kasuwar Kurmi zuwa gabashin ganuwa, wajen Fagge da tashar jirgi, inda kamfanonin Turawa suka kafa kantunansu. Daga cikinsu akwai Kamfanin Neja da John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis da kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA. A 1929 Kamfanin Neja ya haɗe da wani babban kamfani aka sami UAC. Su waɗannan kamfanoni suna sayen gyaɗa da fata da ƙirgi, suna kuma shigo da atamfa da akoko da gishiri da kananzir da kwanuka da sabulu.

Abin lura a nan shi ne, Turawan da kansu haɗaka suke yi. Suna da ƙungiyar manyan 'yan kasuwar Afirka ta Yamma wadda ake kira AWAM a taƙaice, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa raba izinin shigo da kaya bisa la'akari da yawan abin da kowane kamfani ya saba shigowa da shi a baya. Wannan ya toshe ƙofa ga ɗan ƙasa da yake son farawa. Saboda haka kaya sukan bi dogon layi: daga kamfani zuwa Kwara, wato 'yan Labanan da Siriya, ko zuwa babban attajirin da kamfani ya yarda ya ba bashi, daga nan zuwa ɗan sari, sannan mai tebur ko ɗan koli. Bauer (1954) ya bayyana yadda ake ta gutsura kaya a wannan layi har a kai ga sayar da sukari ƙwaya-ƙwaya da ashana tsinke-tsinke. Kowane hannu kaya suka bi sai ya ɗora ribarsa.

Kamfani ba ya ɓalle dila ya sayar da turmi biyu. Wanda jarinsa bai kai na dila ba, dole ya saya a hannu na uku ko na huɗu. Hanyar da ta rage wa masu ƙaramin ƙarfi ita ce su yi karo-karo su kai kuɗin ga wani maigida da yake da suna a kanti, ya karɓo musu dila da sunansa, su raba. Ta wannan fuska maigida ya gaji madugu, domin shi ne yake shiga inda sauran ba su da ikon shiga.

3.4 Ƙungiyoyin Gama Kai da Hannun Gwamnati

Gwamnatin mulkin mallaka ta yi ƙoƙarin shigo da haɗaka irin ta Turai. A 1934 wani jami'i mai suna C.F. Strickland ya rubuta rahoto a kan yiwuwar kafa ƙungiyoyin gama kai a Nijeriya, a 1935 kuma aka yi dokarsu. Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1956. Amma a Arewa waɗannan ƙungiyoyi sun fi karkata ga manoma, wato ba da rance da sayen gyaɗa da auduga. Ɗan kasuwar birni bai ga gurbinsa sosai a ciki ba. Ga rajista da littafin lissafi da zuwan jami'in bincike, ga tsoron kada rajista ta zama hanyar haraji, ga kuma ƙyamar rance mai kuɗin ruwa.

Bayan yaƙin basasa gwamnatin tarayya ta shiga harkar saye da kanta. A 1972 ta kafa kamfanin NNSC domin ya riƙa sayo kayan masarufi da yawa daga waje a rarraba a cikin ƙasa a kan ƙayyadadden farashi. A shekarar ne kuma aka yi dokar mayar da wasu sana'o'i hannun 'yan ƙasa, aka ƙarfafa ta a 1977, abin da ya ba Hausawa damar karɓar kantuna da yawa a Kantin Kwari daga hannun Kwara. Da kuɗin man fetur ya ja baya, gwamnatin Shagari ta ƙara tsananta sharuɗɗan shigo da kaya a 1982, lasin shigo da kaya ya zama haja mai tsada. Sau da yawa wanda ya sami lasin ba ɗan kasuwa ba ne, sayar da shi yake yi ga mai bukata, don haka aka ƙara wani hannu a kan layin. A 1984 mutane suka riƙa bin dogon layi domin sayen shinkafa da madara da sukari da sabulu a farashin gwamnati, yayin da wani kaso na kayan yake zurarewa zuwa bayan fage.

A ra'ayin mai wannan bincike, abin da ya raunana wannan yunƙuri shi ne mai sayen ba wakilin masu kayan ba ne. Fatake su suke zaɓen madugun da za su bi, suna kuma iya barinsa. Jami'in da yake raba kayan gwamnati kuwa ba 'yan kasuwa ne suka naɗa shi ba, ba kuma abin da zai rasa idan ya fifita wani a kan wani.

3.5 Haɗaka a Kasuwar Ƙofar Wambai

Ƙofar Wambai tana gabashin ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Mata da Ƙofar Mazugal, tana fuskantar Fagge, unguwar da ta daɗe tana zaman masaukin fatake. Kasuwar da take wurin ta yi fice a kan gwanjo da yadi da barguna da zare da robobi da takalma da jakunkuna. Yawancin masu rumfuna a cikinta masu matsakaici da ƙaramin jari ne, kuma mafi yawan hajarsu daga nesa take zuwa. Waɗannan dalilai biyu su suka sa haɗaka ta zauna da gindinta a kasuwar.

A watan Satumba na 1986 gwamnatin Babangida, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, ta soke lasin shigo da kaya ta kuma fara gwanjon kuɗin waje. A zaman farko dala ɗaya ta haura naira 4. Ƙofa ta buɗe ga kowa, amma kuɗin shiga ya yi tsada. Haka kuma talauci ya tura jama'a da yawa ga tufafin gwanjo, saboda sabon yadi ya fi ƙarfinsu. Ana iya kasa haɗakar da ta bunƙasa daga wannan lokaci gida huɗu:

(a) Haɗakar dila. Gwanjo a ɗaure yake zuwa, ba a kuma buɗe dila kafin a biya. Mutum biyu ko uku sukan haɗa kuɗi su sayi dila ɗaya, a kwance ta a gabansu, a ware na sama da matsakaici da na ƙasa, sannan a raba. Wannan yana ba wanda bai kai ƙarfin dila ba damar saye a farashin sari. Yana kuma raba hatsari, domin idan dilar ba ta yi kyau ba asarar ba ta faɗa kan mutum ɗaya.

(b) Haɗakar tafiya. Tsakanin Kano da Legas akwai kimanin kilomita 1,000, Aba da Anaca ma tafiya ce mai nisa. Maimakon mutum goma su rufe rumfunansu su tafi, sai a tura mutum ɗaya da kuɗi da jerin bukatun kowa. Kuɗin mota da masauki da abinci na mutum goma ya koma na mutum ɗaya, sauran tara kuma suna kasuwa suna ciniki. Wannan sautu ne aka faɗaɗa.

(c) Haɗakar mota. Kuɗin hayar babbar mota kusan ɗaya ne ko an cika ta ko ba a cika ba. Don haka sai a haɗa kayan mutane da yawa, kowa ya rubuta alamarsa a jikin nasa, a raba kuɗin mota da na 'yan dako da abin da aka kashe a hanya gwargwadon kaya. Wannan ita ce ta fi kama da ayari.

(d) Haɗakar kwantena. Tun daga wajen shekarar 2000 'yan kasuwar Kano suka yawaita zuwa Dubai da birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Masana'anta ba ta karɓar odar da ba ta kai wani adadi ba, kwantena mai ƙafa 20 ko 40 kuma ta fi ƙarfin mai rumfa ɗaya. Sai a haɗa oda a hannun wanda ya san gari, a raba kuɗin jirgi da na kwastan bisa girman wurin da kayan kowa suka ci.

Masu sana'ar takalma ma sukan haɗa kuɗi su sayi fata da gam da sol da yawa a lokaci ɗaya, maimakon kowa ya riƙa sayen na yini.

Idan aka duba waɗannan hanyoyi za a ga cewa rangwamen da mai sayarwa yake yi saboda yawan kaya kashi ɗaya ne kawai na sauƙin. Sauran yana fitowa daga tsallake hannu ɗaya ko biyu, da raba kuɗin sufuri, da rashin rufe rumfa. Ga ɗan kasuwar da ribarsa a kan kowace riga ba ta taka kara ta karya ba, wannan bambanci shi ne yake raba wanda zai ci gaba da wanda jarinsa zai karye.

3.6 Matsalolin Haɗaka

Babbar matsala ita ce cin amana. Wakili yana iya ƙara farashi a kan abin da ya sayo, ko ya zaɓe mai kyau ya bar wa sauran ragowa, ko ya juya kuɗin mutane a harkarsa kafin ya sayo kayan. Da yake yawanci ba a rubutawa, idan rigima ta tashi sai dai a je gaban dattawan layi ko shugabannin kasuwa, in ta gagara a tafi kotu, inda rashin takarda yakan wahalar da mai gaskiya. Hukuncin da ya fi tasiri har yanzu shi ne irin na zamanin madugu, wato a daina ba mutum sautu.

Matsala ta biyu ita ce sauyin darajar kuɗi da dokokin gwamnati. Idan naira ta faɗi tsakanin ranar tara kuɗi da ranar biya, kamar yadda ya faru bayan watan Yuni na 2023, sai a rasa wanda zai cike giɓin. Rufe iyakokin ƙasa daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ya tsare kayan mutane da yawa a hanyoyin Kwatano da Maraɗi. Gwanjo kuwa ya daɗe a cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, don haka idan aka kama mota babu inda masu haɗaka za su kai kuka.

Matsala ta uku ita ce, waɗanda suka haɗu a wajen saye kishiyoyin juna ne a wajen sayarwa. Kaya iri ɗaya sun sauka a rana ɗaya a layi ɗaya, wanda bashi ya matsa wa sai ya karya farashi, ribar da aka samo a hanya ta zube a kasuwa.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa haɗa kai wajen saye ya girmi zuwan Turawa a ƙasar Kano. Ya fara daga sautu da ayari, ya koma hannun maigida a zamanin kamfanoni, ya kuma ci gaba a dila da mota da kwantena a Kasuwar Ƙofar Wambai. An ga cewa tsarin da aka ɗora wa 'yan kasuwa daga sama bai yi saiwa kamar wanda suka ƙulla da kansu ba, domin a nasu suna da ikon zaɓen wakili da ikon barinsa. An kuma ga cewa raunin nasu tsarin shi ne rashin rubutu, alhali kuwa kuɗin da ake haɗawa a yau ya wuce abin da sanayya kaɗai za ta iya tsarewa. Rubuta abin da kowa ya zuba, da la'adar wakili, da wanda zai ɗauki asara idan ta auku, a gaban shaidu, bai saɓa wa al'ada ba, ya kuma dace da abin da shari'a ta yi umarni da shi a kan bashi. A babi na gaba za a duba matsayin shugabannin kasuwa wajen sasanta irin waɗannan rigingimu.